Tekun da Mele Ya Ɗauko wa Suwaiba

Duk wanda ya zauna a Bukan Sidi ya san Mele Direba, mai ƙafar yawo. Ko shayi a tsaye yake sha. Ya fi shekara talatin yana jan tirela tsakanin Lafiya da Legas, har gwiwa ta ce ta gaji, ya ajiye tuƙi. Tuƙin kawai ya ajiye fa, don har yau in ka gan shi zaune, to tahiya yake yi.

Tun suna amarci ya yi wa matarsa Suwaibatu alkawarin zai kai ta ta ga teku. Ita 'yar Keana ce, jikar masu dafa gishiri, kuma ta ƙwallafa rai sai ta ga wane irin ruwa ne wai gishirinsa ba ya ƙarewa. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Bari in dawo daga wannan tafiyar." A haka aka haifi 'yarsu Nasiha, aka yaye ta, aka kai ta ɗakin miji a Azuba.

Bara ne likita ya ce hawan jinin ido ya cinye wa Suwaiba na hagu, na dama ma ya kama hanya, magani rage masa sauri kawai zai yi. Ga ciwon baya da ya hana ta doguwar tafiya. Mele ya tsorata, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Sai Nasiha ta nuna masa wani bidiyo a waya: kifayen teku masu launi suna yawo cikin akwatin gilashi a falon wani mutum.

"Shi ke nan," in ji Mele. "Ni zan ɗauko mata tekun. Me ban taɓa ɗaukowa ba a tirela?"

Washegari yana Abuja, a shagon wani mai sayar da kifin ado, sunansa Terngu. Ya sayi gilashin, da famfon da ke juya ruwa, da fitila, da duwatsu. Gishirin teku ne kawai ya ƙare a shagon, sai an kawo daga Legas. Terngu ya ja masa kunne: sai da wannan gishirin za a haɗa ruwan, sannan a bar famfo yana aiki wata guda ko fiye, babu kifi ko ɗaya, har ruwan ya nuna.

"Ya nuna? Ruwa ne ko mangwaro?"

"Baba, ka dai jira."

Jira! Wa ya taɓa ganin Mele ya jira? Kuma gishiri, haba, ga shi nan buhu guda a ɗakin girki, na Keana, wanda surukai ke aikowa duk shekara, wanda har magani ake yi da shi. A ce na kanti ya fi shi? Ya zuba, ya dama, ya ɗanɗana, ya rantse daidai yake da ruwan da ya taɓa shiga bakinsa a gaɓar Legas. Ya koma ya shara wa Terngu ƙarya cewa ya samo gishirin, har da duwatsun da suka daɗe a ruwan teku masu sa ruwa ya nuna da wuri, ya dawo da kifi biyu 'yan ƙanana, ruwan goro da ratsin fari. A ranar, Suwaiba tana Azuba wurin Nasiha. Ya sake su a ruwa yana ta murna zai ba ta mamaki. Kafin ta dawo washegari da hantsi, duka biyun sun juya ciki sama.

"Gishirin miya ka sa musu, Baba?" in ji Terngu a waya.

"Na Keana ne fa!"

"Ko na ina ne. Akwai abubuwa a ruwan teku da babu a cikinsa. Zubar, ka wanke, ka fara daga farko."

Da Suwaiba ta ji, sai da ta yi dariya har da hawaye. "Baban Nasiha, ashe miya ka haɗa musu, saura kuka da daddawa." Shi kam bai ga abin dariya ba.

Gishirin gaske ya iso, aka shiga jiran. Wallahi ba a taɓa wahalar da bawan Allah haka ba. Ya zagaya gilashin, ya fita ƙofar gida, ya dawo ya leƙa, ya goge wurin da ya riga ya goge. Maƙwabta suka sa shi gaba, wai Mele ya fara kiwon ruwa. Duk safiya sai ya kira Terngu, duk safiya amsar "saura kaɗan". A gefe kuma yana lura da matarsa. Ta fara laluben buta da ƙafa. Wata rana ta tsiyaya masa shayi, rabi a kofi, rabi a faranti, ba ta sani ba. Ya shanye, ya fita ya taka har Shabu ya dawo, da gwiwar nan tasa.

Da ruwan ya nuna, ya kawo wasu kifayen biyu, kuma wannan karon suka rayu. Bayan la'asar ya kunna fitilar, ya kamo hannun Suwaiba ya zaunar da ita. Ta matso har hancinta ya taɓa gilashin. Ta daɗe tana dubawa.

"Ga shi can!" ta ce, ta ɗora yatsa. "Kai, ja wur da shi. Kuma ya tsaya cak yana kallona."

Mele ya bi yatsan da ido. 'Yar jar wutar famfo ce, wadda ke nuna yana aiki. Kifayen suna can ɗaya kusurwar, suna bin juna a bayan dutse. Haushin kansa ya kama shi, ba na makonnin da ya ɓata kaɗai ba, har da shekarun nan talatin.

"Shi ne ko, Baban Nasiha?"

"Shi ne, Suwaiba."

"To zauna mana ka ba ni labarin sauran."

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Har aka kira magariba bai tashi ba.