Ranar da Na Yi wa Saniya Shari'a

Kwanakin baya jikata ta ja ni kallon wasan kwaikwayo a jami'ar da take karatu. Ɗalibai ne suka shirya shi don wayar da kan jama'a, kuma sun yi ƙoƙari, na tafa har tafina ya yi zafi. Da muka fito sai ta ce, "Kaka, a zamaninku ai babu irin wannan." Na ce, "Ke tafi can! Ni da kike gani na taɓa yi wa saniya shari'a a gaban gari guda, tun ba a haifi uwarki ba."

Ƙauyenmu yana ƙasar Kiru, kusa da Ba'awa. Shekarun alif ɗari tara da hamsin da wani abu ne, lokacin da gyaɗa ta yi kuɗi, kowa ya haukace da faɗaɗa gona. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, yayansa ne ya riƙe ni, shi nake kira Baffa. Mutum ne mai kyauta, mai zafin rai, idan ya kafe a kan magana ko mai gari lallaɓa shi yake yi.

A yamma da gari akwai rugar Fulani da ta daɗe tare da mu. Burtalinsu, wato hanyar da shanu suke bi zuwa rafi, ta gefen gonar Baffa ya wuce. Kowace damina Baffa yana ƙara kunya ɗaya ko biyu a cikinsa, har dai wata shekara ya nome shi tas, ya ja shingen ƙaya. Shanu suka koma ratsa gonakin mutane, kullum ɓarna, kullum faɗa. Arɗo ya zo da kansa ya yi magana, Baffa ya ce gonar ubansa ce. Dattawan gari suka yi ta kewaye-kewaye, ba wanda ya iya faɗa masa a ido. Da kaka ta yi sai muka ji Arɗo ya yanke shawara: kafin damina mai zuwa za su tashi su nufi wajen Doguwa. Idan sun tashi, mun rasa nono, gonakinmu sun rasa taki. Ni kuma zan rasa ɗan Arɗo, sa'ana, wanda muka yi wayo tare.

Bayan girbi ake yin kalankuwa. Biki ne na samari da 'yan mata, ana kiɗa, ana ci ana sha, samari kuma su naɗa gwamnatinsu ta wasa, da Gwamna da Likita da 'yan doka da Alƙali. Al'adar ita ce abin da aka faɗa a kalankuwa ba a riƙe shi, babba ba ya fushi da wasan yara. A wannan shekarar ni aka naɗa Alƙali, saboda bakina ba ya shiru.

Baffa ya fi kowa murna. Ya buɗe adakarsa ya ɗauko rawaninsa na zuwa idi, ya naɗa mini da hannunsa, yana cewa, "Yau gidanmu ya yi alƙali." Ni kuwa na san abin da muka shirya masa da ɗan Arɗo. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bayan la'asar aka taru a dandali, maza da mata, dattawa a kan tabarmi, Arɗo ma ya zo da mutanensa. 'Yan doka suka jawo mai laifi: ɗan Arɗo ne ya lulluɓa da ƙirgi, ya ɗaura ƙahoni, yana rarrafe. Wani saurayi ya fito a matsayin manomi, ya ce saniyar nan ta cinye masa dawa.

Na gyara rawani na ce, "Ke saniya, kin ci dawar bawan Allah?"

Ya maƙale murya ya ce, "Allah ya gafarta malam, na ci. Rafi zan je, ita kuma dawar a hanya na same ta."

"Me ya hana ki bin hanyarki?"

"Allah ya gafarta malam, hanyar tawa ce ta ɓata. Ko za a taimaka a nuna mini?"

Aka fashe da dariya. Na ce to, gani ya kori ji, kotu za ta tashi ta raka saniya rafi. Makaɗa suka shiga gaba, saniya tana biye, gari duka ya biyo mu, har da Baffa. Ba wanda na nuna wa hanya. Ƙafar kowa ta san burtalin nan, tsofaffin mata ma suna ta nuni, "Nan ne, ta gindin ɗorawar nan ya bi." Haka muka tafi har muka ci karo da shingen Baffa.

Saniya ta sunsuni ƙaya, ta juya dama, ta juya hagu, ta kwanta ta zaro harshe tana kukan ƙishi. Yara suna dariya, manya kuwa dariyarsu ta fara raguwa. Na ɗaga hannu kiɗa ya tsaya. Na ce, "Kotu ta ga komai. Laifin saniya ne. Allah ya ba ta ƙafa huɗu, ta kasa neman fiffike. Na yanke mata hukunci, daga yau idan za ta sha ruwa ta tashi sama kamar balbela, ta sauka a rafi. 'Yan doka, ku tabbatar ta tashi!"

'Yan doka suka yi ta zungurar ta, tana daka tsalle tana faɗowa, ƙahoni suna karkacewa. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Sai kowa ya juya yana kallon Baffa. Ni ban iya kallonsa ba. Na ji dai an ce ya saɓa babbar rigarsa ya koma gida.

Washegari na ninke rawanin na kai masa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya karɓa ya ajiye. Duk ranin nan bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Yana ba ni abinci, yana aike na, amma hirar da muka saba ta mutu. Abin ya dame ni matuƙa, don ba ni da uban da ya fi shi. Fulani kuma suka fara haɗa kayansu, sai dai har ruwa ya sauka ba su kai ga tashi ba.

Ranar da ruwan shuka ya sauka muka fita gona da sassafe. Baffa yana gaba da sungumi yana sara, ina biye ina zuba iri. Da muka iso wajen ɗorawar nan sai ya tsaya, ya dogara da sungumin, ya daɗe yana kallon shingen. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Alƙali."

Na ce, "Na'am, Baffa."

"Daga ina burtalin ya fara?"

Na nuna masa. Ya ce, "A'a, ka rage. Tun ba a haife ka ba nake ganinsa." Ya ƙara taku cikin gonarsa, ya ja layi da ƙafa. Sannan ya ce, "Ajiye irin nan. Je ka ruga ka ce wa saniyar taka ta zo ta taya mu janye ƙaya, tunda ta kasa tashi sama."

Da gudu na tafi, ina kuka ina dariya. Har yau jikokin Arɗo suna nan a yamma da garinmu, kuma ta gindin ɗorawar nan shanunsu suke bi.