Ranar da na tsaya wa shel a gaban masallaci

Wallahi gardamar nan da kuke yi kan masu ba da bashi kafin albashi ita ta tuno mini, sai na ba ku wannan! Shekarun baya, damina ta farko da mahaifina ya yanka mini gona tawa ta kaina a ƙauyenmu kusa da Abu Hujar, riɗi na shuka. Mu nan ba mu san albashi ba, shel muka sani. Ya'ani ka je wurin tajiri ya ba ka kuɗi yau, shi ya yanka wa riɗinka farashi tun yana tsaye a gona, in kaka ta yi ka kai masa. Farashin kuwa kullum ƙasa yake, ƙasa sosai.

Riɗina ya yi kyau har ina zagaya gonar ina magana ni kaɗai. Amma duk wanda ya noma riɗi ya san halinsa: in ganye ya yi rawaya ba ka yanke ba, kwanson ya buɗe, ƙasa ta cinye wahalarka. Ina buƙatar masu yanka, aljihuna kuwa iska.

A makon nan ne lajana, wato kwamitin ƙauyenmu, ta tara mutane bayan Juma'a, wai a hana shel gaba ɗaya. Abokina, wanda muke karance-karance tare a waya, shi ne kan gaba. Ya ce zalunci ne, a kai maganar har mahalliya, wato ƙaramar hukuma. Tajirin da ke ba mu shel yana zaune a inuwa yana jan carbi, ya ce, "Kwayyis, madalla, ku hana. Ni ma na huta. Banki na can garin Sinja, mota na tashi da safe, ku je ya ba ku bashi."

Anka yi dariya, ni ban yi ba. Ban san sanda na miƙe ba.

Na ce, "Iyayena, ni ma na san ana cutarmu. Amma in kun hana yau, wa zai yanke mini riɗi jibi?"

Abokina ya ce, "Kai da muka yi lissafin asarar da shel ke ja mana tare?"

Na ce, "Lissafin na nan, ya ahuya, ɗan'uwana. Lissafi ba ya riƙe lauje."

Wani kawuna ya ce, "Ɗan nan, jiya jiya aka ba ka gona, har ka iya kukan manoma?"

Nan fa gardama ta koma wani wuri. Maimakon a hana ko a bari, sai anka shiga yadda za a yi shi. Liman ya ce a daina yanka farashi a bayan kanti mutum biyu, a faɗe shi nan gaban jama'a, ɗaya ga kowa. In kuma ruwa ya ƙi, bashin ya jira baɗi ba ƙari, ba a taɓa jakin kowa. Tajirin ya yi ta rantsuwa zai karye. Da ya ga ba mai tausaya masa, ya ce, "Halas, shi ke nan, amma wannan mai surutun shi zai fara karɓa, kowa ya gani."

Haka na karɓi shel ɗina a gaban duk garin, kunya kamar in nutse. Munka yanke riɗin a kan lokaci. Tajirin ya ci rabonsa, ba ƙarami ba, amma abin da ya rage ya saya mini iri da 'yar akuya, mahaifiyata kuma ta sa ni cikin sanduk ɗinsu na mata, adashi ke nan, ni kaɗai namiji. Har yau in zubi ya zo sai su ce, "Ina 'yar'uwarmu mai gemu?" Da kuɗin adashin nake biyan masu yanka yanzu.

Abokina bai sauya ra'ayi ba, ni ma haka, kuma tare muke shan shayi. Ba na son shel. Amma duk mai cewa a rufe, ina so ya fara gaya mini inda mai riɗi zai je jibi.

Ku fa, a garinku wa ke ba da kuɗi in abu ya matse, kuma yaya kunka ƙare da shi?