Kashin Maƙera na Malam Sammani

Malam Sammani maƙerin tukwane ne a Rijiyar Lemo. Iyayensa daga Borno suka zo, shi kuma a Fagge aka haife shi, a nan ya gaji sana'ar. Yana sayen gwangwanaye da fasassun kayan injin mota a Sabon Gari, ya narka su a kan gawayi, ya zuba ruwan alminiyom a cikin ƙasar da ya danne da siffar tukunya. Duk narki sai wani datti mai ruwan toka ya taso a sama, ya sa dogon ludayi ya yaɗe shi, ya watsa bayan rumfa. Shi ne kashin maƙera. Shekara da shekaru har ya zama tsibi.

Da rani tsibin ba ya damun kowa. Amma ruwa na taɓa shi sai ya tashi da zarni kamar bayan makewayi. Hajiya Huseina, mai filin, wadda tagarta ke kallon wurin, ta gaji. Ta ce masa, "Malam Sammani, ba faɗa. Kafin ruwan fari, ko tsibin nan ya tashi, ko kai ka tashi." Masu kwasar shara sun ƙi ɗauka, shi kuma bai yarda ya zuba a kwata ba.

Na san shi ne ta dalilin autata Jawahir, Allah Ya jiƙanta. Tana karatun kimiyyar sinadarai a jami'a, takan tsaya a rumfarsa ta yi ta tambaya. Bayan rasuwarta, ƙawarta Chinyere, haifaffiyar Sabon Gari, ta ci gaba da binciken da suka faro tare. Ita ta roƙe ni in kai ta wurinsa.

Muka gaisa, ya yi wa marigayiya addu'a. Chinyere ta rusuna ta ce, "Baba, buhu ɗaya nake so na abin da ke fita daga narkinka."

"An gama," in ji shi. "Ku dawo jibi."

Da muka koma, ya shimfiɗa mana tabarma, ya fito da buhu sabo fil. Chinyere ta buɗe. Sandunan alminiyom ne tatacce, suna ƙyalli, kowanne an goge shi.

"Sau biyu na tace," ya ce. "Ko ɗigon datti babu."

Ta dube ni, ta dube shi. "Baba, ai dattin nake so."

"Wane datti?"

Ta nuna bayan rumfa.

"Kashin?" Ya juyo gare ni. "Malam, Hausar ce ta kuɓuce mata, ko kunnena ne?"

"Hausata ta fi ta jikokinka," ta ce, tana dariya. "Kashin nake nufi."

Ta zauna ta yi masa bayani a nutse. A ɗakin gwajinsu sukan jiƙa kashin a wani sinadari, su tace, su gasa, sai wani farin gari ya fito. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ko an jera dubu ba lalle su kai kaurin silin gashi ba. Irin wannan ake kira nano. Suna gwada ko garin zai iya tsotse launi daga ruwan da masu rini ke zubarwa. Ta ce har yanzu gwaji ne, ba ta yi masa alkawarin komai ba.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai. "Na ji, 'yata, kuma na yarda. Amma ke baƙuwa ce, ƙawar marigayiya kuma. A ce kin zo wurina na ba ki kashi a buhu? Da wane ido zan dubi Malam?"

Na ce ni ba zan ga laifinsa ba. Ya ce ai ba ni kaɗai ne a unguwar ba. Na san ba gardama yake yi ba. Mutum ne da ko almakashi ka ara masa sai ya wasa kafin ya mayar.

Chinyere ta ce, "To Baba, kada ka ba ni. Idan 'ya ta zo ta tarar da shara a ƙofar ubanta, izini take nema kafin ta share?"

Ya shafa gemu, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. "'Yar Sabon Gari, kin iya ciniki. To, ni zan tafi masallaci. Abin da ya faru a bayana ban gani ba. Sharaɗi ɗaya: kada ki yi mini godiya."

Haka aka yi ta yi. Duk ranar da motar sashensu na jami'a za ta zo ɗibar kashin, sai Malam Sammani ya tuna yana da uzuri a Kantin Kwari. Ɗakin gwaji ba zai iya cinye tsibin duka ba, don haka Chinyere ta samo tsofaffin durom masu murfi, tunda ruwa ne ke tayar da zarnin. Aka zuba ragowar a ciki, sabon kashi ma can yake shiga da zarar ya huce. Sandunan alminiyom kuwa, da ta mayar masa, ya ƙi karɓa, sai da ta ce ya ƙera wa mahaifiyarta tukunyar miya da su.

Ruwan fari ya sauka wata Laraba da hantsi, ina zaune a rumfar. Da ya tsagaita, Hajiya Huseina ta fito da lema, ta zaga bayan rumfa, ta tsaya tana shaƙar iska. Malam Sammani ya ci gaba da danna ƙasa kamar bai gan ta ba, amma hannunsa ya rage sauri.

Ta dawo ta tsaya a bakin rumfa. "Bikin jikata bayan Babbar Sallah ne," ta ce. "Manyan tukwane nake so, na dafa shinkafa. Kada ka ce mini aiki ya yi maka yawa."

"Hajiya, ai ina nan," in ji shi.