Kwamfutar da Na Sayo a Gwaram

Shekara bakwai muka yi muna aiki da abokina a wani ɗan shago da ke bayan tashar mota a Birnin Kudu. Sana'armu ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar saukar karatu, mu tace, mu miƙa wa masu shi. Ni ke riƙe kyamara, shi ke zama gaban kwamfuta. Shi ya san cikinta. In ya fara zancen firosesa da katin hoto sai in yi ta yi masa musu, ba don na fi shi sani ba, don dai hirar ta yi tsawo. Da ya samu aiki a Legas ya tafi, ya bar min kujerarsa da tsohuwar kwamfutar da muka fara sana'ar da ita. A shekarar ne kuma matata ta samu gurbin karatun ungozoma a Kano, ta tafi da 'yarmu, sai hutu suke zuwa. Na zama in buɗe shago ni kaɗai, in koma gida in buɗe ƙofa ni kaɗai.

Kwamfutar ta gaji. Bidiyon awa ɗaya sai ya ci awa huɗu kafin ya fita, in kuwa bazara ce tana iya kai rabi ta mutu saboda zafi, a sake daga farko. Na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta shiga ta ƙasa, na juya mata fankar da nake sha, ni in zauna ina zufa ina kallon koren layin da ke nuna inda aikin ya kai yana rarrafe.

Wani Alhaji daga Farin Dutse ya ba ni aikin walimar ɗansa. Ya zo karɓa ranar da na sa masa, bai samu ba. Ya dawo bayan kwana uku a kan babur, da rana tsaka, ya tarar da ni a gaban layin.

"Malam, har yanzu?"

"Tana kan fitarwa, Alhaji. Jiya ta kusa gamawa ta ɗauke."

Ya sunkuya ya dubi allon, ya daɗe yana kallo ko zai ga layin ya motsa. Sannan ya miƙe ya gyara hularsa.

"Ban yi fushi ba," ya ce. "Amma ka san Farin Dutse ba nan kusa ba ce."

Da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi. A makon nan na je Wurno wajen ƙanen mahaifina da ke noma min gonar gado, na ce a fitar da riɗin da muka ajiye a sayar. Kuɗin da ya fito shi ne iyakar abin da nake da shi, kuma na san in na yi kuskure wajen saye sai wata kakar.

Daga nan na shiga binciken da ban taɓa yi ba, don da can aikin abokina ne. A intanet akwai shafukan da ake gwada kwamfutoci a ba su maki kamar ɗaliban da suka zauna jarrabawa: maki na firosesa in aiki ɗaya take yi, maki in ayyuka sun taru mata, maki na katin hoto. Na samo farin kwali na ja layuka. Kowace kwamfuta da layinta, makinta a gefe, farashinta a gefe, a ƙarshe in raba in ga wadda ta fi ba da maki a kan kuɗinta. Uku suka rage min: sabuwa ta tafi-da-gidanka mai tsada, da babba ta kan tebur wadda aka taɓa amfani da ita, da wani ɗan kasuwa a Kano ya turo min hotonta, sai kuma in sayi kaya ɗaiɗai a haɗa min. Kowane kwana biyu farashi ya motsa, in goge in sake rubutawa, har kwalin ya fara hujewa a wajen.

Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne rashin wanda zan nuna wa. Na gwada telan da ke maƙwabtaka da ni, ya saurara har na kai rabi, ya ce, "Ka sayi sabuwa kawai, sabo ai sabo ne," ya ci gaba da taka kekensa. Na gaya wa Inna ranar Juma'a da na je gaishe ta, ta ce Allah Ya zaɓa min mafi alheri. Matata tana cikin jarrabawa, ban so in cika mata kunne da lambobi. Na ɗauki hoton kwalin na tura wa abokina, na rubuta masa dogon bayani har da tsokanar da na san da can ba zai bari ta wuce ba. Bayan kwana biyu ya amsa: "Duk suna da kyau, ka ɗauki wadda ta kwanta maka." Na karanta sau uku, na kife wayar a kan tebur.

Ana cikin haka wani malamin makaranta ɗan Gwaram ya shigo a wanke masa hoto, ya ga kwalin a jikin bango ya tambaya. Da na yi masa bayani sai ya ce a unguwarsu akwai wani mai zanen gidaje da ya rasu bara, ya bar wata ƙatuwar kwamfuta, matarsa na neman mai saye amma duk wanda ya zo ya ga girmanta sai ya ce shi ƙarama yake so. Ya ba ni kwatancen gidan.

Na shirya gwajina na kaina. Na yanko bidiyon minti goma na sa a filashi tare da manhajar da nake tacewa da ita. A tawa tsohuwar, minti arba'in yake ɗauka. Ɗan kasuwar Kano ya ce a sabuwar nan ba zai wuce minti huɗu ba, amma faɗa ce ta mai sayarwa. Na hau mota da safe, na sauka Gwaram kafin rana ta yi zafi.

Hajiyar za ta kai shekara sittin, siririya, ba ta da yawan magana. Ita kaɗai ce a gidan. 'Ya'yanta maza biyu suna aiki, ɗaya a Bauchi ɗaya a Abuja. Bayan mun gaisa na yi mata ta'aziyya, ta ɗauko makulli ta buɗe wani ɗaki kusa da zaure. Tebur ne dogo, da takardun zane a naɗe a kusurwa, da wani abu an lulluɓe shi da zanen atamfa. Ta yaye zanen ta ninke.

"Ina shigowa in share," ta ce. "Amma ban taɓa kunna ta ba. Ban san inda ake taɓawa ba."

Marigayin ya bar sola da batura, suna aiki har lokacin. Na danna, ta tashi da wani sauti mai taushi, ba irin gurnanin tawa ba. Hajiya ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a bakin ƙofa. Sa manhajar ya ɗauki lokaci, ta tashi ta kawo min fura a kwanon sha, ta koma mazauninta. Na saka bidiyon, na danna fitarwa, na kunna agogon waya.

Ina jira ne idona ya kai kan ƙofar kabad ɗin da ke gefen tebur, a buɗe take kaɗan. A jikinta ta ciki an manne wata takarda mai layuka. Na matsa na duba. Sunayen kwamfutoci biyar ne a jere, da makin kowace, da farashinta, da wajen da aka goge aka sake rubutawa. Kamar kwalina, sai dai rubutunsa ya fi nawa kyau, irin na masu zane, kowane harafi a tsaye. Kuma yana da layi biyu da ni ban yi tunaninsu ba: wutar da kowace ke ci, da awowin da batir zai iya riƙe ta. Wadda ya zagaye da jan biro ba ita ce ta ɗaya a maki ba, ta uku ce. A gefe ya rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ta ɗayan ta fi gudu amma sola ba za ta ɗauke ta ba.

Na tsaya ina kallon takardar har Hajiya ta lura.

"Wannan ya fi wata biyu yana fama da ita," ta ce. "Sai ya zo ya same ni ina tsintar shinkafa, ya zauna yana min bayani, wannan ta fi wannan, waccan tana cin wuta. Ni kuwa ina ta cewa to, to. Rannan ya ce, Hajiya, ba ki ji komai ba ko? Na ce wallahi ban ji ba. Ya yi dariya ya tashi." Ta dubi takardar. "Ba shi da wanda zai gaya wa a garin nan, shi ya sa."

Tsakanin shagona da ɗakin nan tafiyar da ba ta kai ta yini ba, je ka dawo. Wataƙila mun taɓa hawa mota ɗaya da shi, ko mun yi sahu ɗaya a wani masallaci a hanya. Da na san da shi, da na zo da kwalina mun baje a kan teburin nan, ya nuna min inda na yi wauta, in yi masa musu.

Kwamfutar ta yi ƙara alamar ta gama. Minti shida da 'yan daƙiƙu. Na sake gwadawa don in tabbata, ta maimaita. Na taɓa jikinta, da ɗumi kaɗan kawai. Na zauna na yi lissafin da marigayin ya koya min yanzun nan: babbar da ake son sayar min a Kano ta fi wannan maki, amma ƙaramar solar shagona ba za ta riƙe ta ba ko na awa biyu, da na sayo ta da sai na koma ƙona mai a janareta. Sabuwar kuwa, in ma maganar ɗan kasuwar gaskiya ce, minti biyu kacal za ta fi wannan, a kan kuɗi kusan ninki.

Na tambayi farashi. Ta faɗi abin da ɗanta na Bauchi ya ce ta karɓa. Ya yi ƙasa sosai. Da alama tsufanta ya duba bai duba cikinta ba.

"Hajiya, ta fi haka," na ce. "Ba zan iya biyan duk abin da ta kai ba, amma zan ƙara a kan abin da ya faɗa."

Ta dube ni sosai a karo na farko. "To, Allah Ya yi albarka. Ka yi aiki da ita dai, kada ta zauna."

Na ce akwai zanen gidajen mutane a ciki da hotunan iyali, zan kwashe mata su a filashi in kawo, ko wani zai zo neman zanen gidansa. Ta ce to. Sannan na roƙe ta takardar kabad ɗin. Ta girgiza kai.

"Rubutun hannunsa ne. Ka bar min ita."

Na ɗauki hotonta da waya. Ta ba ni zanen atamfar na naɗe kwamfutar. A tasha na biya kuɗin mutum biyu a gaba, na rungume ta a cinya har Birnin Kudu, direba na tambayata ko injin awon asibiti ne.

Tun ranar aikina ya sauya. Abin da ke cinye min yini ya koma ina gama shi kafin azahar. Masu biki suka daina zuwa sau biyu. Sai dai ban yi tanadin abin da zan yi da sauran yinin ba. Da can jiran layin nan ne ke cika min lokaci; yanzu in na gama sai in fito da kujera ƙofar shago in zauna ina kallon motocin Gwaram da na Kano suna cika suna tashi. Na kira abokina in ba shi labarin mai zanen gidaje da takardarsa. Ya ɗauka cikin hayaniyar titi, ya ce madalla, ya ce yana cikin cunkoso zai kira ni in ya isa. Na san yana nufin hakan har ransa a lokacin da ya faɗa.

Bayan mako uku na gama kwashe zane-zanen da hotunan. Na zaɓi guda goma na wanke su a takarda, saboda na san ba za ta iya buɗe filashi ba. A ɗaya daga ciki na fara ganin fuskarsa: gajere ne mai furfura a gemu, yana tsaye gaban wani gini da ba a gama ba, da tef ɗin awo a hannu, yana kanne ido saboda rana.

Da na koma Gwaram na tarar da gidan da kwaɗo. Wani dattijo maƙwabcinsu da ke zaune a kan tabarma ya ce ɗanta ya zo ya tafi da ita Bauchi satin da ya wuce, ƙafa ta matsa mata, gidan ma haya za a ba da shi. Na ba shi ambulan ɗin, ya ce ɗan yana zuwa ƙarshen wata, zai ba shi hannu da hannu.

"Wa za a ce ya kawo?"

"A ce mai kwamfuta ne, na Birnin Kudu."

Na tambaye shi maƙabartar da aka kai marigayin, ya nuna min hanya da sandarsa, ya ce amma shi kansa ba zai iya gane kabarin ba yanzu, damina ta bi ta kai. Na je duk da haka. Na tsaya daga bakin shinge na yi sallama, na yi masa addu'a da sauran waɗanda ke kwance a wajen. Daga nan na taka zuwa tasha. Motar Birnin Kudu saura mutum huɗu ta cika, na shiga na zauna a baya kusa da taga, muka jira har la'asar.