Jirgin Badaru da Buhun Gero

Duk wanda ya zauna Fagam a shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa ya san Badaru mai gyaran injin niƙa. Taɓaɓɓe ake ce masa. Ni kuwa na ce masu faɗar haka ba su taɓa binne mace da ciki ba.

Matarsa Hapsatu a bakin rafi ta cika. Naƙuda ta zo mata da gardama tsakiyar damina, ruwa ya cika ya batse, motar da za ta kai ta asibiti Birnin Kudu tana tsaye a ƙetare, ana kallon-kallo. Bayan arba'in, abokinsa Dabo, tsohon soja, ya ba shi labarin jirgi mai saukar ungulu, wanda ke tashi tsaye, babu ruwansa da hanya. Shi ke nan, an sosa masa inda ke ƙaiƙayi.

Shekara shida yana ƙirar nasa jirgin: injin babur, bututun famfo, fukafukai na katako. Bai taɓa sakinsa ba. Turke huɗu ya kafa a bayan gida, ya ɗaure shi da igiyar rama kamar bijimi, kullum a ƙasa ake gwaji.

Damina ta bakwai 'yarsa Turai ta zo goyon ciki, wata tara, ƙafafu a kumbure irin na uwarta. Rafi kuma ya riga ya kawo. Tsoro ya hana Badaru cin tuwo.

Da hantsi ya tayar da injin. Jirgin ya yi makyarkyata, ya ɗaga taƙi guda, igiyoyi suka miƙe.

Dabo ya ce, "Malam Badaru, ai ya tashi."

"Wayam ya tashi. Miƙo buhun geron nan."

Suka ɗora buhu a kujera, nauyin mace mai ciki. Injin ya yi ta kururuwa, amma ko gezau. Badaru ya kwance bakin buhun, yana ɗiba da mudu yana watsarwa, kaji na wawaso, shi kuwa ba abin da yake cewa sai ya Allah, ya Allah. Can jirgin ya ɗaga.

Ya kashe injin, ya ɗauko abin da ya saura. Bai wuce mudu biyu ba, nauyin jariri ke nan, babu uwar.

Gwaggon Turai ta leƙo ta kan danga ta ce, "Yaya, abin fa ya taso mata."

Badaru yana tsaye da guntun buhun rungume a ƙirji, yana jin ƙugin rafi.