Fiyar Inna da Zumar da Muka Ƙona

A duk ƙauyenmu da ke bayan masana'antun Challawa, gidaje biyu ne kawai suke da bishiyar fiya. Ƙwallo biyu Baba ya kawo wa kakarmu Inna Yalwa daga Jos, ta dasa ɗaya, ta ba maƙwabcinmu Malam Tanko ɗaya. Aka yi ta mata dariya, wai zafin Kano zai gasa su. Ta kafa wa tata zana, ta tara mata busasshen ganye a gindi, ruwa kuwa sai na rijiya, don na kwata yana ɗauke da warin jimar fata. Bishiya ta girma, ta haihu.

Da sanyi take fure. Bayan magariba mukan kewaye murhu a gindinta, ƙananan furanni na zubo mana a ka. In za ta fara tatsuniya sai Inna ta ce, "Ku matso, ga wata ta faɗo." Mu ce, "Ta faɗo mu tsinta!"

Wai amarya Safiya ba ta buɗe ƙofa sai da safe, angonta Maraice kuma ba ya fitowa sai la'asar. Gida ɗaya, ba su taɓa haɗuwa ba, balle a yi maganar haihuwa. Sai ƙudar zuma ta ji tausayinsu. Maraice yana da ƙane mai sammako a maƙwabta, a wurinsa yake barin saƙo, wani gari rawaya. Zuma ta ɗauko a ƙafafunta ta kai wa Safiya, shekara na zagayowa aka yi suna.

"Furen fiya ke nan," in ji Inna, tana iza wuta. "Yau da safe mace, gobe da yamma namiji. Wanda ya kori zuma, shi ya sani."

Ni na kore ta. Ina 'yar shekara tara ta harbe ni a fatar ido, na cika gida da ihu. Baba ya dawo daga kamfanin fata a gajiye, ya sauko da amyar da ke rataye a reshe ya cinna mata wuta. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Ado, ka kashe 'yar aike!" Ba a daɗe ba Malam Tanko ya sayar da filinsa, aka sare fiyarsa aka gina sito.

Inna ta rasu, Baba ya bi ta. Bishiyar nan duk shekara fure kamar me, kullum ina share shi a ƙasa, ba ɗa ko ɗaya. Bana Yaya Sani ya ce zai sare ta ya gina ɗakunan haya.

"Hajara, inuwa za mu ci?"

Wallahi har ƙasa na durƙusa ina kuka. Ita kaɗai ta rage min ta hannun Inna. Ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen furen nan, daga nan kada in ƙara yi masa magana.

Na roƙi canjin aiki a masaƙa, na koma na yamma. Babu lambun da ban shiga ba a Kumbotso, har na dace da wani tsoho mai fiyar da ke zubar da garin nan rawaya da safe, irin ta Malam Tanko. Kullum da sassafe yakan yanko min reshe, in hau tsani da gashin kaza, in shafa can in shafa nan, fure bayan fure, har wuyana ya sandare. Maƙwabta suka ce Hajara ta zautu. Su faɗa mana, bakinsu ne!

Da ina ɗauka labarin Safiya da Maraice Inna take ba mu. Ashe na zuma ne, ita da ba a gode mata sai ta tafi. Yanzu ni ce zumar, ga ni da nauyi, ba fiffike.

'Ya'ya uku na gani, ƙanana kamar gyaɗa. Biyu sun kakkaɓe shekaranjiya, na tsince su a ƙasa. Jiya na janyo Yaya gindin bishiyar na nuna masa wadda ta rage. Gatarin da ya aro yana jingine a zaure. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Guda ɗaya ce fa, Hajara."

Na ce, "Yaya, Inna ma da ɗaya ta fara."