Babur ɗin da Mai Makulli Ya Gyara

Shekara talatin da huɗu Mai Makulli ya yi yana aiki a kotu, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka cewa ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Gaskiyarsa kuwa, ba ta ɓata ba. Tana gidansa, matarsa na ɗinki da ita.

Aikinsa tsaron ɗakin kayan shaida ne, wato inda ake ajiye duk abin da aka nuna wa alƙali a shari'a har ranar da za a yanke hukunci. Dogon ɗaki ne a bayan kotu, jikin banɗakin ma'aikata, da taga ɗaya wadda ba ta buɗuwa. A ciki akwai adduna masu tsatsa, da katifu, da talabijin, da tukwane, da ƙyauren wani shago da aka ɓalle, kowanne da 'yar takarda mai lamba ɗaure da zare. Da masinja ya fara yana saurayi. Da tsohon mai ɗakin ya rasu aka rasa mai karɓa, saboda wari da ɓeraye, sai aka miƙa masa makullan. Ya ɗaura su a ƙugu, tun daga ranar kuma tafiyarsa ta sake. Kafin ka gan shi za ka ji shi, kacau-kacau, yana taku ɗai-ɗai kamar shi ya gina kotun.

Yana da wata hikima da yake ji da ita, wai kaya in aka bar shi a ajiye lalacewa yake yi. Da agogon bango ya fara. Ya ce tausayinsa ya ji, yana kwance cikin ƙura, sai ya kai shi gida ya rataye don ya sha iska. Bayan agogo fanka ta bi, bayan fanka keken ɗinki, sai dutsen guga, sai wata darduma mai laushi da aka kama a hannun wani ɓarawon otal. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, a nan yake kafa hujjarsa. In magatakardan kotu ya ce masa, "Jibi za a fito da lamba kaza," sai ya kwance abin daga gida, ya goge, ya mayar masa da takardarsa, ya ajiye a gaban alƙali yana ƙyalli. Alƙalai da yawa sun yaba masa tsafta.

A haka gidansa ya koma bin kalandar kotu. Matarsa ba ta san ko sashe ɗaya na doka ba, amma ta san ranar zaman kowace shari'a da ta shafi ɗakinta.

"Maigida, wannan fankar yaushe ne zamanta?" in ji ta.

"Ranar sha biyu ga wata."

"Cikin wannan zafin? To Allah ya sa a ɗage."

Akan ɗage kuwa. Addu'arta ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba, don a kotun nan ɗage shari'a ya fi shan ruwa sauƙi. Yau alƙali ya tafi taron bita, gobe motar gidan yari ba mai, jibi mai gabatar da ƙara ya bar fayil a wata jakar. Keken ɗinkin nan shekara shida ya yi a gidan, har babbar 'yarsu ta koyi sana'a a kansa ta buɗe shago. Wanda ake tuhuma da satarsa kuwa ya mutu yana jiran a kira shi.

Mai Makulli bai san wannan ba, kuma bai tambaya ba. Ba ya shiga zauren shari'a sai ranar kai kaya. Mutanen da ake sauke wa daga motar gidan yari da ankwa a hannu, a wurinsa ba su da fuska. Lamba ya sani.

Saura shekara biyu ya yi ritaya aka kawo masa babur. Wasu 'yan sanda biyu ne suka turo shi a kan baro, suna haki suna zagin mai shi. Ja ne, amma ƙura ta mayar da shi ruwan ƙasa, tayoyin sun kwanta, da kashin kaji a kan sirdin. Mai Makulli ya ɗauko littafinsa ya rubuta: babur, ja, guda ɗaya, lamba arba'in da bakwai. Iyakar abin da ya rubuta ke nan.

Sati guda yana kallonsa. Mutum ne da ya shekara talatin yana zuwa aiki a ƙasa, gwiwoyinsa kuma sun fara yi masa magana. Ranar wata Asabar ya tura shi wurin wani bakanike a bayan kasuwa. Bakaniken ya buɗe injin, ya yi tsaki.

"Baba, wannan ai ya daɗe da mutuwa. Injin ya buga. Ya fi shekara rabonsa da tashi."

"To tashe shi," in ji Mai Makulli.

Aka sa sabon fistin da ringi, aka canza fulogi, aka sa tayoyi. Ran Litinin sai ga Mai Makulli a kan babur, babbar riga na kaɗawa, makullai na amo. Ya cire takardar lambar ya jefa a aljihu, ya samu inuwar bishiya bayan kotu ya mayar da ita wurin fakinsa. Kowa ya gani, daga mai gadi har magatakarda, kuma ba wanda ya ɗaga gira, don firjin da ke ofishin magatakarda shi ma da lambarsa, tana liƙe ta baya. Mai gabatar da ƙara da kansa ya hau bayan babur ɗin sau uku, lokacin da motarsa ke gareji. Suna kiransa babur ɗin Mai Makulli.

Mai shi na gaskiya wani mai aski ne, siririn mutum mai sanyin murya, da 'yar rumfarsa a bakin titi. An zarge shi da fizge wa wata mata jaka a kan babur, ta faɗi ta karye a hannu. Matar ta ce jan babur ta gani. 'Yan sanda suka bi layin suna leƙa gidaje, suka iske jan babur a soron mai aski, suka haɗa da shi da babur ɗin. Ba shi da mai tsaya masa beli, sai aka wuce da shi gidan yari. Tun ranar farko magana ɗaya yake yi: babur ɗinsa ya fi shekara bai tashi ba, kaji ke kwana a kansa, a je a gwada. Shaidarsa ke nan a duniya, ba shi da wata.

Matarsa kan zo duk ranar zama, ta zauna a bencin da ke baranda. Da goyo ta fara zuwa. A hankali yarinyar ta sauka daga baya, ta yi rarrafe a barandar, ta miƙe, har ta iya cewa "an ɗage". Mai Makulli yakan wuce su da safe bayan ya yi fakin, matar ta gaishe shi da ladabi, ya amsa da ka. Ba ta gane babur ɗin ba, don ba ta zagayawa bayan kotu, ko da ta zagaya ma, nasu mushe ne, wannan kuwa yana sheƙi.

Sai da aka yi wata ashirin sannan aka ba mai aski lauya, wata matashiya daga ofishin da ke kare marasa hali kyauta. Ta karanta fayil ɗin a zama ɗaya, ta roƙi kotu ta fita ta ga babur da idonta. Alƙali ya amince. Magatakarda ya leƙa ɗakin kaya ya ce, "Baba, jibi lamba arba'in da bakwai."

Mai Makulli ya yi yadda ya saba. Ya wanke babur da sabulu, ya shafa wa sirdi mai, ya lalubo takardar lamba ya ɗaura a madubi. Ransa ya ɗan sosu, don kwana biyu zai yi yana tafiya a ƙasa, amma ya ce aikin gwamnati ne, sai haƙuri.

Ranar, kotu gaba ɗaya ta fito fili. Alƙali a gaba, masinja na riƙe masa da lema. Gandiroba ya fito da mai aski, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma fuskarsa a sake, karo na farko. Yana neman matarsa da ido yana gyaɗa mata kai. Sai aka ji kacau-kacau, Mai Makulli ya turo babur ya kafe shi a tsakiya, ya ja da baya yana jiran yabo.

Mai aski ya dubi babur ɗin, ya dubi lambar da ke bayansa, ya sake duban babur ɗin.

"Ya mai shari'a," in ji lauyar, muryarta ta ɗan sauka, "wanda nake karewa ya ce wannan babur ba ya tashi."

"A gwada," in ji alƙali.

Wani ɗan sanda ya ɗora ƙafa ya buga sau ɗaya. Injin ya kama, lafiya lau, da wata murya mai daɗi da Mai Makulli ya daɗe yana alfahari da ita. Sai a lokacin maganar lauyar ta iso masa kwanya. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Tsoro ne ya kama shi, tsoro zalla, ba tausayi ba.

"Wallahi ba haka aka ɗauke shi ba!" in ji mai aski. "A baro aka ɗauke shi! Ku tambayi 'yan layinmu!"

Gandiroba ya daka masa tsawa. Lauyar kuwa ta durƙusa ta shafa taya, ta buɗe tanki ta sunsuna.

"Ya mai shari'a, babur ɗin da ya kusa shekara biyu a kulle, ina ya samu mai a tanki? Ga tayoyinsa ba su tsage ba, ga fulogi sabo. Ina roƙon kotu ta tambayi mai ajiyar kaya."

Mai gabatar da ƙara ya shiga gyaran takardunsa. Magatakarda ya samu wani abu a ƙasa yana kallo. Mai gadi ya juya ya koma bakin ƙofa. 'Yan sandan da suka turo baron kuwa an daɗe da yi musu canjin wurin aiki. Alƙali ya juyo.

"Baba, akwai wanda ya shiga ɗakin nan ya taɓa wannan babur?"

Magana ɗaya ce tsakanin mai aski da gidansa, kuma tana bakin Mai Makulli. Ya san ta, ya ji nauyinta a kan harshe. Amma saura wata huɗu ya yi ritaya, ga fansho, ga takardar yabo da aka riga aka ce za a ba shi, ga agogo, ga fanka, ga darduma. In ya ja zare ɗaya, gidansa gaba ɗaya zai warware. Ya dafa makullansa.

"Ranka ya daɗe, makullin nan bai taɓa barin ƙuguna ba."

Ko ƙarya bai yi ba, kuma daga baya ya sha tuna wa kansa haka. Alƙali ya ce shekara tara yana wannan kotu bai taɓa jin an yi kuka da dattijon nan ba, kuma kotu ba za ta bari a ɓata sunan ma'aikaci mai gaskiya don a kuɓutar da mai laifi ba. Shari'ar da aka ɗage sau goma sha tara, sati biyu kacal ta ƙara. Shekara bakwai aka ba mai aski.

Ranar hukunci matar ta tare Mai Makulli a ƙofar ɗakinsa, yarinyar na riƙe da zanenta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, kai ka karɓi babur ɗin ranar da aka kawo. Ka girme wa mahaifina. Don Allah ka gaya mini, a kan ƙafarsa ya shigo?"

"'Yata, kaya dubu nawa suka ratsa ɗakin nan? Ni lamba na sani."

Ta saɓa 'yarta ta tafi. A gida ya kasa cin abinci, matarsa ta tambaye shi ko lafiya, ya ce gwiwa ce. Washegari ya ci.

Lauyar ta ce za ta ɗaukaka ƙara, saboda haka babur ya ci gaba da zama a hannun kotu, wato a ƙarƙashin Mai Makulli. Sati ɗaya ya ɗaga masa ƙafa, sannan ya koma hawa, sai dai ya canza wurin fakin. Ƙarar kuwa har yau tana kan wani tebur, an kuma mayar da lauyar wani gari.

Da ritaya ta zo aka yi masa ɗan biki a zauren kotu, aka sha lemo, magatakarda ya yi jawabi a kan riƙon amana, aka miƙa masa takardar yabo cikin gilashi. Kafin ranar ya kwaso kayan gidansa kaf ya mayar ɗakin, matarsa na ƙunƙuni a kan fanka. Wanda zai gaje shi ya bi littafi layi-layi, bai samu ko cokali ya ɓata ba.

Babur ne kawai ya tsaya masa a rai. Ya zauna ya yi tunani irin nasa, ya ga cewa babur na kotu ne, amma fistin da ringi da fulogi da tayoyi guminsa ne, kuma shi mutum ne da ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya kuma barin nasa. Ya kira bakaniken nan ya kwance su tsaf, ya zuba a buhu. Tsofaffin tayoyin suna nan a bayan gida, aka mayar. Da ƙyar su biyu suka tura shi cikin ɗakin, suka jingina shi da ƙyauren shagon nan.

Yana nan har yanzu, lamba arba'in da bakwai, ja, guda ɗaya. Duk wanda ya buga shi ba zai tashi ba, daidai yadda mai aski ya faɗa. Shi kuwa mai askin, saura masa shekara biyar da wata takwas a gidan yari.